Shirun Nomau Mai Gyaran Babur

An yi wani mutum, ya bayin Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, a zamanin da babur bai yawaita ba, lokacin da in an ji ƙararsa daga nesa kowa ya san na wane ne tun bai ɓullo ba. Sunan mutumin nan Nomau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ba ya cikin waɗanda ake jira su iso kafin a fara shawara. Bakanike ne mai gyaran babura, rumfarsa kuwa a jingine take da katangar gidansa. Karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. Amma in ladan ya kira, sai ka gan shi ya ajiye sifana ya ɗebi toka da sabulu yana dirzar hannu, yana dirza, har sai ya tabbata babu sauran baƙin man da zai hana ruwan alwala taɓa fata. Abokansa su yi ta yi masa tsiya, su ce wata rana zai dirje yatsun su ƙare. Shi dai sai ya yi murmushi ya wuce masallaci.

Ku saurara da kyau, domin labarin nan ba na daɗi ba ne, kuma ban kawo shi don in faranta muku ba.

A garin akwai wani dattijo ɗan koli, ana ce masa Malam Ƙasimu, mai cin kasuwannin ƙauye. Ya girmi Nomau, amma akwai wasa da amana a tsakaninsu. Yana da wani tsohon babur mai babban inji, irin na da, wanda ba a tayar da shi sai an taka kik da ƙafa. Kik ɗin nan kuwa tauri gare shi kamar an dasa shi a dutse, kuma in ya ga dama sai ya dawo da ƙarfi ya harbi mai takawa. Da Malam Ƙasimu na da ƙuruciya bai damu ba. Amma shekaru sun zo, sanyi ya shiga gwiwa, abin ya soma fin ƙarfinsa.

Wata rana da hantsi sai ga shi ya turo babur ɗin da hannu har bakin rumfa, yana ɗingishi, gumi ya jiƙa masa riga.

Ya ce, "Salamu alaikum, likitan ƙarafa."

Nomau ya amsa sallama, ya ce, "Malam, yau kuma kai ke ɗauke da babur? Na ɗauka shi aka saya ya ɗauke ka."

Malam Ƙasimu ya zauna a kan benci, ya ɗage ƙafar wando ya nuna gwiwa a kumbure. Ya ce, "Duba abin da ya yi mini jiya a tsakiyar kasuwa. Ya harbe ni, na faɗi cikin kwandunan masu tumatir. Samari suka taru suna dariya, wani ya ce, 'Baba, ka sayar ka sayi jaki, shi ba a taka masa kik.' Ni, Nomau! Ni da na goyi iyayensu a kan babur ɗin nan. Ka duba mini shi, in tsufa ya yi ka faɗa mini."

Nomau ya ɗora ƙafa a kan kik, ya danna a hankali, ya saurara, ya sake dannawa. Ya ce, "Lafiyarsa lau. Akwai wanda ya tsufa a cikinku, amma ba shi ba ne."

"Allah Ya shirye ka. To yanzu babu dabara? In babur ɗin nan ya zauna, gidana ya zauna."

Nomau ya ce, "Akwai dabara. Zan buɗe kan injin in ƙara masa fakin mai kauri, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan da jikin injin, don in fistin ya taso ya sami ɗan sarari, kada ya matse iska da yawa. Matsin nan shi ne taurin da kake ji a ƙafa. Sannan in ja wutar fulogi baya kaɗan, domin riga fistin isowa da take yi ne ke sa kik ya dawo ya harbe ka. In na yi waɗannan biyu, ko mace mai goyo za ta tayar da shi."

Malam Ƙasimu ya ce, "To me kake jira? Ɗauko sifanarka."

"Ina jira ka ji sauran maganar. Malam, taurin da ke karya maka gwiwa, shi ne ƙarfin da ke hawar da kai tudu. Abu guda ne. In na rage wannan, na rage wancan. A hanya mai tauri, kai da kayan kolinka, ba za ka ga wani bambanci ba. Amma rafin nan na gabas, kada ka kuskura ka shige shi da goyo ko da kaya mai nauyi. Yashinsa zurfi gare shi, gaɓar tsallake kuwa a tsaye take. Ba zai fitar da kai ba. Ka bi ta gada."

"Ta gada! Ai kafin in zagayo kasuwa ta watse."

"Ta watse ɗin."

"To, na ji."

"Ban ce ka ji ba, Malam, na ce ka riƙe. In ba za ka riƙe ba, gara in bar maka shi yadda yake, ka riƙa neman mai taka maka."

Nomau ya faɗa, ya sake faɗa, ya kuma maimaita, har matarsa Lantana da ke sheƙar hatsi a bayan katanga ta ɗaga murya tana dariya ta ce, "Malam Ƙasimu, ka amsa masa mu huta. Ni da ba ni da babur har na haddace."

Malam Ƙasimu ya ce, "Kin ji ko, Lantana? Mijinki ya zama mai wa'azi. Na riƙe, Nomau, na riƙe. Da goyo, ta gada."

Nomau ya yi bisimilla ya kama aiki. Ya kwance kan injin, ya wanke shi da kananzir, ya yanka fakin da hannunsa ya daidaita, ya mayar ya ɗaure, ya gyara wuta. Kafin la'asar ya ce, "Taka mu gani." Malam Ƙasimu ya ɗora ƙafar nan mai ciwo, yana yamutsa fuska yana jiran harbi. Ya danna sau ɗaya, a hankali, sai inji ya kama. Ya kashe, ya sake takawa, ya kama. Dattijo da furfurarsa ya dinga kashewa yana tayarwa yana ƙyalƙyala dariya. Ya hau ya tafi yana sa albarka, kuma babu kasuwar da ya ci bayan nan da bai yabi hannun Nomau ba.

To, ku saurara. Daga nan babu sauran dariya a labarin.

Malam Ƙasimu da matarsa Tasalla sun haifi 'ya'ya, duk Allah Ya karɓi abinSa tun suna ƙanana, sai ɗaya tak da ya rayu, mai suna Ashiru. Ya zama cikakken saurayi, shi ke riƙe musu gona. Da kaka ta yi, ana tsakiyar girbin dawa, Ashiru ya sunkuya zai ɗaga dami, sai gamsheƙa da ke kwance a ƙarƙashi ya sare shi a hannu. Kafin a kawo shi gida idanunsa sun soma lumshewa, yawu na zuba, magana ba ta fita sosai. Allurar da ake yi wa wanda maciji ya sara kuwa babu ita sai a asibitin babban gari, babban garin kuma yana tsallaken rafi.

Nomau na rumfarsa, gari tsit, kowa na gona, sai ya ji ƙarar babur ɗin da ya sani. Ya ɗaga kai ya ga Malam Ƙasimu a guje, ba hula, an ɗaura masa Ashiru a baya da zanen mace, kan yaron na lilo a kafaɗarsa. Nan take ya gane abin da ke faruwa. Ya fito da gudu yana ɗaga hannu yana kira, "Ta gada, Malam! Ta gada!" Ko ƙarar inji ce ta danne muryar, ko firgici ne ya toshe kunnen uban, Allah Shi Ya sani. Da suka isa mararraba, sai ya ga babur ya karkata gabas, ya nufi rafi.

Babu babur mai tashi a rumfar ran nan, duk a kwance suke. Nomau ya zubar da abin da ke hannunsa ya bi su da ƙafa.

Ya iske su a gindin gaɓar tsallake. Sun ratsa rafin da ƙyar, tayar baya ta nutse cikin yashi, inji ya mutu. Malam Ƙasimu ya taka kik, inji ya tashi nan da nan. Ya murɗa, inji ya yi nishi, ya ɗan yunƙura, ya mutu. Ya sake takawa, ya sake tashi. Ya bayin Allah, babur ɗin nan bai taɓa ƙin tashi ba ko sau ɗaya a ranar. Tashi yake yi da taki guda, yadda aka gyara shi ya yi. Hawa ne ba ya iyawa. Nomau ya sa kafaɗa ya tura har jijiyoyin wuyansa suka fito, yashi na ta feshi a fuskarsa, abu ya ƙi. Rana ta take, lokaci na tafiya. Daga ƙarshe ya ce, "Kwance shi, Malam, in goya shi mu hau da ƙafa, ko Allah Zai kawo mota a sama."

Ya goyi Ashiru, ya hau gaɓar nan da rarrafe. Da suka kai sama ya kwantar da shi a inuwar wata tsamiya. Numfashin ya riga ya yi nisa. Nomau ya durƙusa a kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada, har rai ya fita. Babu motar da ta zo.

Malam Ƙasimu ya faɗi zaune yana dukan ƙirjinsa, yana cewa, "Ka gaya mini, Nomau. Wallahi ka gaya mini. Ni na kashe shi. Na ga ta gada ta yi nisa, na ce ko sau ɗaya zai fitar da ni."

Nomau ya riƙe masa hannuwa, ya ce, "Yi shiru, Malam, kada ka yi saɓo. Kwanansa ne ya ƙare. Ko ta gada ka bi, ba ka san ko za ku isa ba."

Aka yi jana'iza, aka zauna makoki. Samarin da suka je ciro babur daga yashi ne suka soma magana. Suka ce, babur ɗin nan fa shekara da shekaru yana haye rafin nan da mutum da buhu, yau me ya same shi? Wani ya ce, ai Nomau ya taɓa injin. Kafin a yi sadakar uku magana ta game gari: Nomau ya kashe ƙarfin babur, shi ya ja aka rasa Ashiru. Tasalla kuwa tun da aka shigo da gawar ba ta ci ba ba ta sha ba, abu ɗaya take maimaitawa a gaban matan da suka zo gaisuwa: duk wanda ya yi sanadin ɗanta, ko wane ne shi, babu ita babu shi duniya da lahira. Shi kuma Malam Ƙasimu ya daina magana gaba ɗaya. Sau biyu ana samunsa zaune a bakin rijiya yana leƙa ciki, sai an kamo hannunsa an dawo da shi.

'Yan'uwan Tasalla suka kai ƙara gun mai gari. Aka tara dattawa a zaure, aka kira Nomau, aka zaunar da Malam Ƙasimu a gefe, surukansa na tsaye a bayansa.

Mai gari ya ce, "Nomau, kai ka buɗe injin babur ɗin nan?"

Ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Me ka yi masa?"

"Na sassauta masa kik, saboda gwiwar Malam."

"Da ka yi haka, ka san ƙarfinsa zai ragu?"

"Na sani."

"Ka san ba zai hau gaɓar rafi da goyo ba?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

Zaure ya kaure da salati da hayaniya. Wannan na cewa kun ji da bakinsa, wancan na cewa ai shi ke nan. Ku lura, jama'a, tambaya ɗaya ta rage, tambayar da ko yaro zai yi: shin ka gaya wa mai babur? Babu wanda ya yi ta. Zukata sun riga sun sami wanda za su ɗora wa, ba su son a ƙwace musu shi.

Nomau ya buɗe baki zai faɗa ko ba a tambaye shi ba. Maganar na kan harshensa, gaskiya ce, kuma yana da shaida a gida. Sai ya dubi Malam Ƙasimu. Ya ga dattijon ya sunkuyar da kai, ya rame kamar wanda ya yi jinyar shekara. Ya tuna rijiya. Ya tuna abin da Tasalla ta rantse a kai. Ya gane cewa in ya furta kalmar nan, shi zai fita daga zauren da sunansa fari tas, amma mutumin nan zai fita ba ɗa, ba mata, ba surukai, kuma mai yiwuwa ba zai ga wata kaka ba. Sai ya rufe bakinsa.

Mai gari ya ce, "Kana da sauran magana?"

Ya ce, "Allah Ya ji ƙan Ashiru, Ya ba iyayensa haƙuri."

Malam Ƙasimu bai ɗago ba.

Mai gari ya yanke cewa ba da gangan aka yi ba, don haka babu abin da za a ɗora wa Nomau. Amma hukuncin mutane ya fi na mai gari tsanani. Da yammacin ranar Tasalla ta fito da kanta, ta tsaya a bakin rumfa, mutane na kallo, ta ce, "Nomau, ka ci amanar mijina, ka raba ni da ɗana. Allah Ya isa tsakanina da kai." Kun san nauyin wannan kalma a bakin uwar da ta binne ɗa. Nomau ya miƙe tsaye, ya ce, "Allah Ya sanyaya miki zuciya, Yaya Tasalla."

Da ya shiga gida ya tarar Lantana ta yafa mayafi tana neman takalmi.

Ya ce, "Ina zuwa?"

Ta ce, "Gidan mai gari. Da kunnena na ji ka gaya masa, har na yi masa wasa a kai. In kai bakinka ya mutu, nawa na nan."

"Zauna, Lantana."

"Ba zan zauna ba! A tsaya a ƙofar gidana a ja maka Allah Ya isa a kan abin da ba ka yi ba? Malam Ƙasimu yana zaune a zauren yana ji, ko tari bai yi ba. Wannan ne abokin? To mu fa, malam? Namu 'ya'yan ba 'ya'ya ba ne? Da wace fuska za su fita gobe?"

Ya ce, "Namu suna raye, Lantana. Ga su can suna cin tuwo. Tasalla fa? In kika je kika faɗa, kin gaya mata mijin da take kwana ɗaki ɗaya da shi ne ya zaɓi hanyar. Ina za ta sa kanta? Shi kuma kin san inda ake tsinto shi kwanan nan."

"To sai mu mu ɗauka?"

"Ban yi ƙarya a gaban mai gari ba, kuma da ya tambaye ni da na faɗa. Bai tambaya ba. Hannuna ne ya yanka fakin nan, wannan kam babu musu. Sauran maganar ta Malam Ƙasimu ce, shi ke da hakkin faɗinta ranar da ya iya. Ina roƙonki don Allah, ki bar masa."

Ta tsaya ta dube shi, ta dube shi, sannan ta cire mayafin ta jefar, ta shiga ɗaki tana kuka. Ba ta je ba. Allah Ya saka wa matar nan, domin rabin nauyin ita ta ɗauka, kuma ba ita ta zaɓa ba.

Daga nan rumfa ta mutu. Mai babur ya gwammace ya tura abinsa har wani gari da ya tsaya gun Nomau. Ya koma facin tayar keke da gyaran fitila, in damina ta zo ya tafi ƙwadago gonakin mutane. Aka daina kiransa suna da ɗaurin aure. A masallaci, inda ake cewa a haɗa kafaɗa a toshe kafa, sai ka ga an bar ɗan sarari tsakaninsa da na kusa da shi. 'Ya'yansa su dawo daga wasa da kuka. Kada ku ɗauka bai ji zafi ba. Ya ji. Akwai ranakun da ya fito da niyyar zuwa ƙofar mai gari, ya kai rabin hanya, ya tsaya, ya juyo.

Malam Ƙasimu kuwa bai sake hawa babur ba, ya jingine shi a zaure har ya yi tsatsa. In ya hango Nomau sai ya canza hanya. Wata rana suka yi kaciɓis a wani lungu da babu wurin kaucewa.

Nomau ya ce, "Barka da yamma, Malam. Yaya gwiwa?"

Dattijon ya kama bango, ya ce, "Zan faɗa, Nomau. Juma'ar nan, in an sallame, zan tashi in faɗa."

"Yaya Tasalla fa, ya jikinta?"

"Ta soma cin abinci. Jiya har ta yi shara."

"To, alhamdu lillahi. Ka bar ta ta ci."

Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Malam Ƙasimu bai tashi ba. Ba na faɗin wannan don ku tsine masa. Mutum ne mai rauni, tsoro ya riƙe masa harshe, kuma kowace rana da ta wuce maganar na ƙara nauyi. Amma shirunsa zalunci ne, kuma ya san zalunci ne.

Shekaru suka shuɗe a haka. Nomau ya kamu da ciwon ƙirji, ya yi ta tari har ya kwanta. Wata safiya cikin damina Allah Ya karɓi ransa. Waɗanda suka raka shi maƙabarta ba su da yawa. Malam Ƙasimu na cikinsu, a can baya, yana dogara sanda. Aka sa shi a kabari, aka jera itace, aka rufe da ƙasa, liman ya yi addu'a, mutane suka soma karkaɗe hannu za su juya. Sai dattijon nan ya yar da sandarsa, ya zauna daɓas cikin laka, ya ɗaga murya:

"Ku tsaya! Ya gaya mini. Wallahi tallahi ya gaya mini kada in shiga rafi da goyo, ya maimaita har na gaji da ji. Ran da abin ya faru ma ya biyo ni da ƙafa, shi ya goyi Ashiru ya hau gaɓa, a hannunsa ya cika. Ni na bi ta rafi. Ya rufa mini asiri, ni kuwa na bar ku kuka ci namansa."

Waɗanda suka bar masa sarari a sahu suna tsaye a wurin. Suka dubi kabarin, ƙasarsa ko bushewa ba ta yi ba, babu kuma wanda za a ce wa yi haƙuri.

Labari ya riski Tasalla kafin mijinta ya iso gida. Da a wancan makon na farko ta ji, da ta bar gidan ba waiwaye. Amma yanzu wutar ta lafa, ta ga irin ramar da mijin ya yi shekara da shekaru a gabanta, ta kuwa gane dalili. Sai ga shi ya shigo. Ta ajiye masa ruwa, ta ɗauki mayafi, ta nufi gidan mamaci. Ta iske Lantana zaune a kan tabarmar takaba, mata kewaye da ita. Ta durƙusa a gabanta, ta ce, "Lantana, na ja wa mijinki Allah Ya isa a gaban jama'a. Ina zan kai wannan?"

Lantana ta dube ta. Sannan ta ce, "Wanda za ki roƙa sun kai shi ɗazu. In don ni ce, Yaya, sai na ɗau lokaci, ba zan ɓoye miki ba. Amma shi, tun yammacin da kika faɗa ya yafe miki. Ya ce uwa ce."

To, ya bayin Allah, ga abin da nake so ku tafi da shi.

Da Nomau ya yi magana a zauren nan, da bai yi laifi ba. Shari'a ta ba wanda aka zalunta damar ya kare kansa, kuma ba a ɗora wa kowa ya ɗauki abin da Nomau ya ɗauka. Amma ya ga cewa wanke kansa zai rushe gidan ɗan'uwansa, sai ya zaɓi ya rufa masa asiri, bai kuwa yi ƙarya ko ɗaya ba wajen yin hakan. Ya yi gaskiya tun farko, lokacin da faɗin aibin aikinsa zai iya korar mai kawo gyara. Ya yi haƙuri daga baya, lokacin da kalma guda za ta fitar da shi. Bai ga sakamako a duniya ba, ya mutu ana ganinsa mai laifi. Muna kyautata zaton cewa Wanda ba Ya mantuwa Ya ajiye masa, domin mai suturta ɗan'uwansa yana tare da alkawarin sutura a ranar da asirai za su tonu.

Kai mai sana'a, in an kawo maka aiki, ka faɗi abin da gyaranka zai rage kamar yadda kake faɗin abin da zai ƙara. Kai da aka gargaɗa, ka riƙe gargaɗi tun ranar sauƙi, domin ranar firgici ba ta barin mutum ya yi tunani. Kai kuma da ka san wani na ɗauke da laifin da naka ne, kana cewa sai Juma'a mai zuwa, ka sani ba a yi maka alkawarin zai kai Juma'ar ba, kai ma ba a yi maka ba. Neman gafara a bakin kabari ba ya mayar wa mutum shekarun da aka ƙwace masa.

Mu kuma sauran jama'a, mu ne mutanen zauren nan. A unguwar nan tamu akwai wanda muka daina yi wa sallama saboda abin da muka ji, ba mu taɓa zama mun tambaye shi ba. Kowa ya san nasa, ba sai na faɗa ba. In kun tashi daga nan, kafin ku shiga gida, ku bi ta ƙofarsa.

Allah Ya ji ƙan Nomau da masu hali irin nasa, Ya tsare harsunanmu daga cin naman bayinSa, Ya suturta mu duniya da lahira. Amin.